Amsoshin Wasiƙunku: Wane Keke Zan Saya In Riƙa Shiga Birni?

A wannan mako wasiƙa guda muka ɗauko, saboda ta tattaro maganar da mutane da dama suka sha aiko mana, musamman daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Gezawa. Wani mai sauraronmu ne ya rubuto daga wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Minjibir, ga kuma abin da yake cewa.

TAMBAYA: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni manomi ne, amma da zarar an kawar da amfanin gona nakan shiga birni kullum, ina ɗinki a shagon maigidana a Fagge. Daga garinmu zuwa shago tafiyar kamar kilomita 18 ce. Kuɗin mota ya fi ƙarfina. Bara na sayi keke sabo fil, ko wata biyu bai yi ba aka ɗauke shi a ƙofar masallaci ina sallar la'asar. Bana na sayar da tunkiya da ɗan waken da na samu, na haɗa kuɗin wani, amma tsoro ya hana ni saye. Don Allah ku ba ni shawara, sabo zan saya ko na hannu, mai giya ko irin na da, kuma yaya zan yi kada a maimaita mini ta bara?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma muna jajanta maka abin da ya same ka bara. Allah ya mayar da alheri.

Da farko ka sani hanyar nan da kake bi ba yau aka fara bin ta ba. Ƙasar nan taku da ke kewaye da birnin Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin ko taki ɗaya ya huta, tun kaka da kakanni da birni take rayuwa. A shekarun 1960 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki, ya rubuta yadda jakuna ke shiga birni da itace da rani, su komo da taki zuwa gonaki. Daga baya keke ya karɓi rabon aikin jaki, sannan babur da motar haya suka zo suka ture keke gefe. Yanzu kuma abin ya juyo. A watan Janairun 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana acaɓa a cikin birni. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Shi ya sa mutane da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Amma fa duk abin da kasuwarsa ta buɗe, ɓarawo ma ya ji labari.

Saboda haka ga shawararmu a dunƙule, kafin mu warware ta. Keke mai araha ba shi ne wanda kuɗinsa ya fi ƙanƙanta ranar ciniki ba. Kafin ka miƙa kuɗi, ka yi wa kanka tambaya uku. Wa zai gyara mini shi in ya lalace a hanya? Wa zai shaide ni in aka ce ba nawa ba ne? A ina zai wuni, a ina kuma zai kwana? Keken da ka sami amsar waɗannan uku a kansa, shi ne naka.

Bari mu fara da batun gyara, domin shi zai raba maka gardamar mai giya da irin na da. Irin na da shi ne baƙin keken nan mai babbar taya, inci 28, mai birkin ƙarfe da faffaɗan kariya a baya. Asalin samfurin na Ingila ne, kamfanin Raleigh na birnin Nottingham shi ya fi yin suna da shi, har ya taɓa kafa masana'anta a nan Bompai. Bayansa aka shigo da Phoenix na birnin Shanghai a ƙasar Sin, da Hero da Avon na birnin Ludhiana a Indiya. Duk kusan tsari ɗaya aka bi wajen ƙera su, don haka sau da yawa kayan wannan yakan shiga jikin wancan. Ma'anar wannan ita ce, in sarƙa ta tsinke maka ko feda ta zube a tsakiyar hanya, mai gyaran keke na gindin bishiya yana da abin da zai sa maka, da ɗan kuɗi kaɗan. Aibinsa nauyi ne, yakan kai kilo 20, kuma in iskar hunturu ta taso ta gabanka da asuba, sai ka ji a cinyarka.

Shi kuwa mai giya, wanda galibi na gwanjo ne da ake shigowa da shi daga Turai da Asiya, ya fi sauƙin tuƙi, ya fi rashin nauyi, kuma mai faɗin taya a cikinsu yana ratsa yashi fiye da na da. Ba mu ce ba shi da kyau ba. Amma kowane da irin kayansa. Abin canza giyar yana rataye ne kusa da ƙasa, ƙura da laka na shiga cikinsa, in keken ya faɗi ta wannan gefe sai ya lanƙwashe. Ranar da ya lalace, mai yiwuwa sai ka shiga birni ka yi ta yawon neman irinsa, wannan rana kuwa ba ɗinki. Ka tuna kuma ƙasarku shimfiɗaɗɗiya ce, ba Dala ko Gwauron Dutse za ka hau ba, to giya 18 ta mece ce? Har ila yau, shi mai giyar nan mai launi da ƙyalli shi ne samari ke rububi, ɓarawo ya san in ya ɗauka ba zai kwana a hannunsa ba.

Don haka in za ka riƙa ɗauko ɗan kaya, buhun hatsi ko ɗinkin mutane ko goyon yaro, irin na da ya fi maka. In kuma ranka na kan na gwanjo, to nemi mai faɗin taya, maras sufirin a tsakiya, ka fara nuna wa mai gyaran garinku, in ya ce yana da kayansa, to madalla. Guje wa mai siririyar tayar nan na tsere. An yi shi ne don kwalta mai santsi, ba don burtali mai yashi da tsidau ba.

Sai batun sabo ko na hannu. Kai da kanka ka ga abin da sabo ya jawo maka. Sabon keke yana kiran ido daga nesa, kuma in ya tafi, ya tafi da dukan jarinka. Mu a ganinmu, ga mutumin da kekensa zai wuni a waje cikin birni, na hannu mai lafiya ya fi. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kan keken. Kasa kuɗin gida goma. Bakwai na keke, ɗaya na sarƙa da kwaɗo, biyu kuma ka ajiye don taya da tiyub da gyaran farko, domin babu keken hannu da ba ya buƙatar taɓawa. Wanda ya sayi keke da kuɗinsa kaf, ya ce kwaɗo sai mako mai zuwa, sau da yawa kafin makon ya zo babu abin da zai kulle.

Ranar saye, kada ka tafi kai kaɗai. Ɗauki mai gyaran keken da ka yarda da shi, ka ba shi ɗan na goro, ya fi maka asarar dubbai. Ku je da rana tsaka, ba da magariba ba. Abu na farko da za ku duba shi ne jikin keken, wato firam. Ku bi mahaɗar ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, musamman wuyansa da gindin sirdi da wajen feda. In kun ga walda, ko tsaga, ko fenti ya tattare a bayan wuya, to keken ya taɓa yin karo, ku bar shi komai arharsa. Taya da sarƙa da birki duk ana sakewa, amma karyayyen firam ba ya komawa daidai.

Bayan nan ka tsaya ta bayansa ka hanga, tayar gaba da ta baya su kasance a layi ɗaya. Ɗaga kowace taya ka juya ta, ka ga ko gargaren yana lilo, ka matsa wayoyin da hannu ka ji ko akwai sakakku ko tsinkakku. Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe, haka ma hannun feda, in ka ji ƙwas-ƙwas to boris ya ci. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuyan yana motsi shi ma akwai gyara. Dubi haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini kamar ƙaya sun gama aiki. Duk waɗannan ba su hana saye, amma a rage maka kuɗinsu a ciniki. Daga ƙarshe ka hau ka zagaya. In feda tana ƙasa, ƙafarka ta kusa miƙewa amma ba ta miƙe sarai ba, to sirdin ya yi daidai. Tafiyar kilomita 18 za ta ci maka sa'a ɗaya da 'yan mintoci, zuwa da dawowa sama da sa'a biyu ke nan kullum, keken da bai dace da tsayinka ba gwiwarka ce za ta biya.

Yanzu mu zo tambaya ta biyu, wa zai shaide ka. A nan ne masu neman araha suka fi faɗawa rami. Mutum ya tare ka a bakin kasuwa, ya ce matarsa ce ba lafiya, ga keke rabin kuɗi, yana magana yana waige-waige. Ɗan'uwa, ka yi gaba abinka. Mai yiwuwa keken wani bawan Allah ne da aka ɗauke a ƙofar masallaci kamar yadda aka yi maka. Kuma doka ba ta bar mai saye ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, wanda ya soma aiki a 1960, ya tanadi ɗauri a sashe na 317 ga wanda ya karɓi kayan sata alhali ya sani ko yana da dalilin zaton na sata ne. Arhar da ta wuce hankali kuwa ita kanta dalilin zato ce. Ko da ka kuɓuta daga ɗauri, za a karɓe keken, kuɗinka ya bi ruwa, ga zaman ofishin 'yan sanda, ga kunya a gari.

Saboda haka ka saya a hannun wanda yake da rumfa, wanda in ka koma gobe za ka same shi, ko a birni ne ko a kasuwar mako irin ta Dambatta da ke ci ranar Lahadi. In ta hannun dillali ne, ya zama sananne, ka biya la'ada da daɗin rai, domin shaidarsa kake saye. A rubuta takarda, da boko ko da ajami, a sa kwanan wata, da sunan mai sayarwa da unguwarsu, da samfurin keken da launinsa, da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu. Abu mafi muhimmanci a takardar shi ne lambar jikin keken. Kusan kowane keke yana da lamba da aka buga a ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa in ka kifa shi, ko a gindin sirdi, ko kusa da inda tayar baya ke ɗaure. In ka ga an goge wurin da zarto ko an cika shi da walda, kada ka ƙara ko minti ɗaya a wurin.

Dattawa za su tuna zamanin En'e, lokacin da ake yankar lasin keke. Har a tsarin mulkin 1999 ma, bayar da lasin keke da amalanke da baro yana cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Amma kai kada ka jira wani ya rubuta maka kekenka a littafi. Kwafe lambar a wuri biyu, takardar asali ta zauna a gida cikin adaka, ka ɗauki hoton keken da na lambar a wayarka ko ta wani ɗan'uwa. Sannan ka yi masa alamar ɓoye. Rubuta sunanka da garinku a 'yar takarda, ka naɗe a leda, ka zare sirdi ka tura cikin bututun. Ranar gardama, kai kaɗai ka san abin da ke ciki. Ka yi masa kuma alamar fili, ka shafa wani fenti daban a madigadi da kariya, yadda duk wanda ya san ka zai gane shi daga nesa. Kyau zai ragu, gaskiya ne, amma ɓarawo ba ya son kayan da aka sani.

Tambaya ta uku, ina zai wuni. Makullin nan da ke manne a tayar baya, wanda ake sayar da keke da shi, ba ya hana sata, hana turawa kawai yake yi. Mutum biyu za su ɗaga keken su jefa cikin a-daidaita-sahu kafin ka idar da raka'a ɗaya. Siririyar wayar nan mai rufin roba ita ma almakashin ƙarfe ɗaya ne maganinta. Abin da kake buƙata shi ne sarƙa mai kauri, da kwaɗo mai nauyi wanda wuyansa gajere ne, yadda ba a samun wurin zura ƙarfe a ɓanɓare. Zura sarƙar cikin tsohon tiyub don kada ta ci fenti. In za ka ɗaure, sarƙar ta ratsa firam da tayar baya, ta zagaye abin da ba ya tumɓukuwa, kamar turken ƙarfe ko bishiya, ba sandar rumfa da za a zare ba. Kada ka ɗaure tayar gaba kaɗai, sai ka dawo ka tarar da taya tana jiranka. In keken na gwanjo ne mai 'yar maɗaurin nan da ake buɗewa da hannu a taya da sirdi, sa mai gyara ya musanya da noti.

Amma fa ka gane, babu kwaɗon da ba a karyawa, aikinsa ɓata wa ɓarawo lokaci ne kawai. Abin da ke tsare keke na haƙiƙa idon mutane ne. Kai ka yi sa'a, kana da shagon maigidanka. Roƙe shi ya ba ka lungu a ciki, ko ka ɗaure a inda kana kan keken ɗinki kana hango na hawa. In lokacin salla ya yi, bar shi a ɗaure a shago ka taka da ƙafa. Wanda ba shi da shago, ya ƙulla da mai shayi ko mai faci ko mai gadi guda ɗaya, ya riƙa ajiyewa wurinsa kullum, yana ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. A manyan kasuwanni irin su Dawanau da Yankaba da Sabon Gari, in ka ga wurin ajiya na biya, ka biya, ka karɓi shaida, kuma duk da haka ka sa kwaɗonka. Ku mutanen gari ɗaya da kuke shiga birni, ku riƙa ajiyewa wuri ɗaya, sarƙa ɗaya ma tana iya haɗa keke biyu. Yawancin kekunan da ake ɗaukewa, masu su cewa suka yi "bari in shiga in fito yanzun nan". Hausawa sun ce ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ko ruwa za ka saya, kulle. Da dare kuma ɗaki zai kwana, ba zaure ba, domin ƙauye ma yanzu ba kamar da ba ne.

In kuma ƙaddara ta sake faɗawa, Allah ya kiyaye, kada ka zauna kana ta salati kawai. A ranar ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da lambar, ka sanar da mai unguwar wurin, ka bi masu sayar da keke da masu gyara ka ba su lamba da kamanni, domin a hannunsu kayan ke ratsawa, ko ɗungurungum ko a wargaje. In ka gan shi a hannun wani, kada ka yi ihun ɓarawo. Wataƙila shi ma saye ya yi, kuma ihu ɗaya a kasuwa yana iya jawo asarar rai a kan ƙarfe. Bi shi a hankali, ka kira hukuma, takardarka da alamar ɓoyenka su yi maka magana.

Kafin mu rufe, ga wani abu da ba ka tambaya ba amma ya fi keken muhimmanci, wato kai kanka. Da duhun asuba za ka fita, wani lokaci da duhun magariba za ka dawo, ga hazo, ga manyan motoci. Sa fitila a gaba, da jan abu mai ƙyalli a baya, ka sa tufafi masu haske, ka tattare rigarka kada ta shiga taya. Riƙe famfo da kayan faci a jaka. Duk mako ka goge sarƙa kafin ka ɗiga mata mai kaɗan, domin mai da yawa in ya haɗu da ƙurar rani yakan zama kamar dutsen niƙa, ya cinye ƙarfen. Kuma ka yi wannan lissafi: alal misali in naira 1,000 kake kashewa a mota kullum, kwana 26 a wata naira 26,000 ke nan. Ka riƙa jefa ko da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan a asusu ko adashi. Da shi za ka yi gyara, kuma in wani abu ya faru, ba sai ka sake kai tunkiya kasuwa ba.

To Malam, da fatan mun amsa maka. In ka saya, ka rubuto ka gaya mana wanda ka zaɓa da yadda hanya take. Sauran masu sauraro da suka daɗe suna wannan zirga-zirga, in akwai dabarar da muka manta, ku aiko mu karanta don kowa ya amfana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.